Bunsurun da Dattijo Ya Yanka

A cikin dukan baye-bayen da Ubangiji yake raba wa 'ya'yansa, wadda na fi tsoro ita ce baiwar taimako. Mai baiwar waƙa in ya ishe ka, kana iya komawa bencin baya. Mai baiwar wa'azi, komai tsawon numfashinsa, yunwa za ta sauko da shi daga bagade. Amma mai baiwar taimako ba ya jira a kira shi, ba ya gajiya, in kuma ya gama dagula maka al'amari sai ya tsaya yana murmushi, yana jiran godiya.

Yayan matata irin wannan bawan Allah ne. Dattijon ikilisiya ne a Kagoro, don haka kowa Dattijo yake ce masa, har matarsa. Ya taɓa gyara mini rediyon da ba abin da ya same shi, tun daga ranar bai sake magana ba. Ya taɓa yi wa mangwaron ƙofar gidana aski don ya ƙara 'ya'ya, muka shekara muna shan rana. Duk wannan na yafe, don mutum ne da ba shi da mugunta ko ta ƙwayar gero. Abin da ya yi wa bunsurun mahaifiyata ne har yau in na tuna nake ajiye cokali.

A Kafanchan ɗin da na taso, Kirista ba ya yanka dabbar Kirsimeti da hannunsa. Ba addininmu ne ya hana ba. Maƙwabta ne dalili. Shinkafar Kirsimeti ba a dafa ta don gida ɗaya, sai ta tsallaka katanga, kamar yadda tuwon salla da naman layya suke tsallakowa wurinmu. Maƙwabtanmu Musulmi kuwa ba sa cin naman da ba nasu ne ya yanka ba. Saboda haka ranar Kirsimeti da sassafe akan kira malam ya yanka, kowa ya ci hankali kwance. Ba wanda ya zauna ya tsara wannan. Haka muka tarar, haka ake yi.

Mama 'yar Fadan Kagoma ce. Ta zo Kafanchan tana amarya lokacin da babana ya sami aikin jirgin ƙasa, ba ta jin Hausa sai gaisuwa. Matar da ke bayan katangarmu ce ta koya mata, wata mai sayar da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, 'yar tsofaffin 'yan kasuwar garin, wadda duk muka taso muna ce mata Hajiya. Ita ta koya wa Mama ciniki da zagin mai awo cikin ladabi. Mama kuma ta koya mata gwaten acca. Na yi barci a bayan Hajiya kusan yadda na yi a bayan uwata. Kowace Kirsimeti kular farko da Mama take zubawa ta Hajiya ce, tun kafin babana ya ɗanɗana.

Sai shekarun da gari ya rikice suka zo. Ba zan ba da labarinsu ba, duk wanda ya zauna a nan yana da nasa. Da ƙura ta lafa, mutane suka yi ta sauya unguwa, kowa ya matsa kusa da nasa. 'Ya'yan Hajiya suka kwashe ta zuwa wancan gefen gari. Ba su yi faɗa da Mama ba, ko kallon banza bai shiga tsakaninsu ba. Hanya ce kawai ta yi tsawo, hanyar da ɗan acaɓa yake cinyewa kafin ka gama gyara zama. Shekara ta farko aka ce a bari gari ya huce. Ta biyu aka ce baɗi. Daga nan kunya ta karɓi aikin, ita kuwa kunya ba ta ritaya.

Wata rana Mama ta je asibiti awon hawan jini, ta yi kiciɓis da 'yar Hajiya a layin karɓar magani. A nan ta ji cewa ƙafafun Hajiya sun daina ɗaukarta, tana kwance. Bayan 'yan kwanaki 'yar ta kawo saƙo har gida: Hajiya ta ce a gaya wa Maman Ticha tana marmarin shinkafarta. Ticha ni ne. Na ƙare ƙuruciyata a gaban allo, sunan ya bi ni har ya shafe na yanka.

 Da gari ya waye Mama ta shiga bas zuwa Fadan Kagoma, ta dawo da ɗan akuya a cinya. Ta ɗaure shi a gindin mangwaron da Dattijo ya yi wa aski, ta ce, "Wannan na Hajiya ne." Ta kuma aika aka gaya wa Hajiya cewa bana akwai bunsuru.

Na ce, "Mama, ai Kirsimeti da saura. In lokaci ya yi sai mu saya a kasuwa."

Ta ce, "Na kasuwa kowa ma yana iya saya. Ni da ita ba mu da sauran Kirsimeti da yawa a gaba. Wannan da hannuna zan ciyar da shi."

Na koyar da 'yan ƙaramar sakandare shekaru masu yawa, na ɗauka na ga iyakar rashin kunya. Ashe ban zauna da bunsuru ba. Ya cinye zogalen da na dasa. Ya cinye gefen rigar mawaƙan coci ta matata a kan igiyar shanya. Ya yage kujerar mashin ɗina ya ɗanɗana soson ciki, bai yi masa daɗi ba, ya dawo washegari ya sake gwadawa ko ya gyaru. In na ɗaga sanda sai Mama ta leƙo ta taga: "Kada ka taɓa na Hajiya." Haka na zauna wata da watanni a gidana, a matsayi na biyu bayan dabba. Abin da ya riƙe ni kawai shi ne na san ranarsa tana zuwa.

Jajibirin Kirsimeti na je wurin wani tsohon mahauci da ya saba yi mana yanka tun zamanin babana, muna ce masa Malam. Ya ce, "Ticha, gobe gidaje da yawa ke jirana, ku Kirista kun fi mu son nama, ba ku dai yarda ba ne. Ka zo ka ɗauke ni bayan sallar asuba, in fara da kai."

Da yamma Dattijo ya iso daga Kagoro, shi da matarsa da buhun doya da wani ƙaton jan zakara ɗaure da tsumma a ƙafa. Zakaran na Faston cocinmu ne, in ji shi, alkawarin godiya ne ya ɗauka tun da damina. Aka ci abinci, aka yi addu'a, ya ja ta har tuwon da ke cikinmu ya narke. Ba wanda ya yi masa zancen bunsuru. Wa zai yi? Abin da kowa ya sani ba a faɗarsa. Mun manta cewa a unguwarsu, daga gindin dutse har bakin titi, duk maƙwabcin da zai ci namanka tare kuke waƙa ranar Lahadi. A can duk mai wuƙa shi ne mai yanka.

Gari bai gama wayewa ba na tada mashin na tafi ɗauko Malam. Abin da ban lissafa ba shi ne, ɗaukar mai yanka a bayan mashin ranar Kirsimeti kamar ɗaukar likita ne a lokacin annoba. Ba mu yi nisa ba wata mata ta tare mu da kaji a hannu biyu. "Malam, don Allah, waɗannan kawai." Gaba kaɗan wani tsohon ɗalibina ya riƙe mini kan mashin, yana rantsuwa tunkiyarsa a shirye take. Malam kuwa ba ya iya cewa a'a. Shi ma, na lura, yana da tasa baiwar taimakon. Kafin mu shigo layinmu rana ta fito sosai.

Warin babbaka ne ya fara tarbata. Na ce a raina maƙwabta sun yi sammako. Da muka matso sai na ga hayaƙin daga gidana yake tashi.

Dattijo yana tsakar gida, daga shi sai singileti da zane a ƙugu, yana juya bunsurun Hajiya a kan wutar kara, yana kankare gashin da bayan wuƙa, yana rera waƙar haihuwar Mai Ceto da muryar da ta isa ta tada makiyayan da ke cikin waƙar da kansu. Ya hango ni fuskarsa ta washe.

"Ticha! Barka da Kirsimeti! Ka ga na rage maka aiki. Na tashi na ga akuya yana kuka, rana yana fitowa, ba kowa. Na ce kai, mata za su makara sujada."

Na kashe mashin. Na ce, "Dattijo, wa ya yanka?"

"Ni mana. Na yi addu'a kuma, dogo. Har Mama na sa a ciki."

Matata ta fito daga kicin da ruwan shinkafa a hannu. Ta dubi Malam da ke saukowa daga bayana, ta dubi yayanta, ta sake duban Malam. Ita duk zatonta Malam ya zo ya yanka ya wuce tun ɗazu. Ta ce, "Wayyo, Yaya," ta jingina da bango.

Malam ya zagaya bunsurun a hankali, ya mayar da wuƙarsa cikin kube. Ya ce, "To, Ticha, an riga ni."

Na yi wa Dattijo bayani. Na yi shi a hankali, da irin muryar da nake amfani da ita ga yaron da ya ƙona ɗakin gwaje-gwaje amma ubansa yana tsaye. Ya saurara, murmushin yana raguwa. Sai ga shi ya dawo gaba ɗaya, alamar ya samo dabara, abin da na fi tsoro ke nan.

"To ai da sauƙi! Malam, tunda ka zo, ka ƙara masa wuƙa kaɗan mana. Wuya yana nan."

Malam ya dube shi. Ya ce, "Dattijo, ku a wurinku ana yi wa mutum baftisma bayan ya mutu?"

Dattijo ya buɗe baki zai amsa, don a kan wannan ma yana da ra'ayi, sai labulen ɗakin Mama ya motsa. Ta fito da ɗankwalin Kirsimeti a ɗaure, sabo fil, ta tsaya tana kallon abin da ya rage na wata da watannin dusa da ɓawon doya. Ba ta yi ihu ba. Da ta yi da na fi jin daɗi. Ta jawo kujerar tsuguno ta zauna. Malam, da yake mutum ne mai ganewa, ya ce bari ya duba kajin maƙwabcinmu, ya fita ya bar mu da juna.

Ba zan ɓoye ba, shawarar da ta fara zuwa bakin kowa iri ɗaya ce. Matar Dattijo ce ta faɗe ta, ƙasa-ƙasa: "Nama ai nama ne. In ya shiga miya wa zai gane?" Matata ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, tana duban ƙasa, ɗan'uwa ɗan'uwa ne. Ni kuma na yi abin da masu karatu suke yi in suna son abu amma suna jin nauyin faɗa, na nemo masa hujja. Na ce na taɓa karantawa cewa malamansu da kansu sun yi saɓani a kan yankan Kirista, akwai waɗanda suka ce ya halatta. Na fara jero bayani, har ina jin daɗin muryata.

Mama ta ce, "Hajiya ta karanta wannan littafin naka?"

Na ce ba ta karanta ba.

Ta ce, "Tun muna amare nake kai mata abinci. Ba ta taɓa tambayata wa ya yanka ba. Ko sau ɗaya. Yau ma ba za ta tambaya ba." Ta gyara ɗankwalinta. "Shi ya sa ba zan kai mata wannan ba."

Na sha koyar da yara a makarantar Lahadi abin da wani manzo ya rubuta a Littafi Mai Tsarki game da nama da lamirin ɗan'uwa. Kullum ina ɗaukarsa tsohon zance ne na wasu birane masu nisa, ina gaggawar wuce shi in kai ga wurare masu daɗin bayani. Ban taɓa tsammanin zan tarar da shi a tsakar gidana yana hayaƙi a kan wutar kara ba.

Malam ya dawo yana goge hannu. Na tambaye shi ko za a sami wani bunsurun a kasuwa. Ya ce, "Yau? Ko mai tari ba za ka samu ba, Ticha. Jiya kun share kasuwar kamar an ce daga bana an hana nama." Ya ƙara da cewa shi fa ana jiransa.

Nan take, kamar an ba shi alama, jan zakaran da ke ɗaure a bayan randa ya miƙe wuya ya yi cara. Duk muka juya.

Dattijo ya ce, "A'a. A'a, Mama. Wannan na Fasto ne. Na yi alkawari a gaban Ubangiji."

Mama ta ce, "Fasto yana cin bunsuru?"

"Yana ci."

"Yana tambaya wa ya yanka?"

"Ba ya tambaya."

"To ka kai masa cinya biyu. Ubangiji ya san lissafinsa, ba zai ce an cuce shi ba."

Dattijo ya ga babu ƙofar fita, sai kuma murna ta kama shi, don ga wata damar taimako ta samu. Ya ce, "Bari in kawo wa Malam!" Na ce, "Dattijo, bar shi, ni zan..." Ban ƙarasa ba. Ya riga ya durƙusa. Kuma saboda a ganinsa rashin ladabi ne a miƙa wa baƙo kaza da tsumma mai datti a ƙafa, sai ya fara da kwance tsumman.

Zakaran Kagoro ba irin kajin gidan gona ba ne da suke tafiya kamar masu ciwon baya. Wannan a gindin dutse ya girma, yana tsere wa shaho. Ya bi ta tsakanin ƙafafun Dattijo, ya taka tiren shinkafa, ya haye rufin kicin, ya tsaya can yana kallonmu ɗaya bayan ɗaya.

A daidai lokacin aka buga ƙararrawar coci. Ni ne kuwa aka sa in yi karatun farko a sujadar ranar. Na yi sati ina gwada shi a gaban madubi, inda zan dakata da inda zan ɗaga murya.

Abin da ya biyo baya ba na son tuna shi dalla-dalla. Na hau turmi da sabon yadin Kirsimeti. Dattijo ya ɗauko gorar tsinkar mangwaro ya zunguri zakaran, don taimako, shi kuwa ya tsallaka katanga ya faɗa layi. Muka bi shi. Malam ya zauna a kan mashin ɗina yana ba da umarni kamar mai sharhin ƙwallo a rediyo: "Ta hagu, Ticha! Ka tare kwata! Kai, Dattijo, ba kai za a kama ba, rage ihu!" Na zame a bakin kwata, gwiwar wandona ta buɗe. Na faɗi wata kalma da ban san tana cikina ba, ranar haihuwar Mai Ceto, a gaban jama'a.

Sai ga matan zumunta sun ɓullo daga kwana, a jere, cikin ankonsu, suna tafiya coci da tulun kiɗa da kacau-kacau. Shugabarsu, wata ƙatuwar mata da ta yi aikin jinya har ta yi ritaya, ta tsaya ta riƙe ƙugu.

"Ticha, ashe kana gudu? Mu mun ɗauka sai dai ka sa yara su yi."

Matata ta gaya mata abin da ake ciki a taƙaice. Da ta ji sunan Hajiya sai fuskarta ta canza. Ta ce, "Hajiya mai ƙuli? Tana nan da rai? Ita ta ba ni bashin mai na yi bikin 'yata." Ta juya ga matan: "Ku ajiye kaya. Ku zagaye shi."

Ban taɓa ganin irin wannan ba, ba na kuma fatan sake gani. Suka yi da'ira a tsakiyar layi, suka buɗe mayafansu, suna matsowa a hankali. Wata a cikinsu ta ɗauki waƙa, don matan zumunta ba sa iya yin komai shiru, sauran suka amsa, mai tulu ta shiga. Zakara ya duba gabas waƙa, ya duba yamma waƙa. Ina jin a ransa ya ce gara wuƙa. Shugabar ta jefa masa mayafi ta danne, aka yi guɗa har maƙwabta suka fito. Suka kwashi kayansu suka wuce coci a makare, suna dariya, suna kakkaɓe ƙura.

Malam ya fuskantar da shi gabas, ya yi bisimilla, ya yanka. Ya wanke wuƙa ya ce, "Mama, a gaishe da Hajiya. Dattijo, baɗi in ka tashi da asuba, ka yi ta addu'ar kawai."

Mama ta sa aka fito da wata tukunya dabam, da ludayi dabam, ta zauna da kanta a bakin murhu. Ba ta yarda ko cokalin da ya taɓa bunsuru ya matso kusa ba. Dattijo ya yi wanka, ya saɓa cinyoyin Fasto a leda ya tafi sujada yana waƙa. Ni ban je ba. Wando ya yage, lokaci ya wuce, zuciyata kuma ba ta cikin halin tsayawa a gaban ikilisiya. An ce wani ne ya yi karatun a madadina, ya yi ta tuntuɓe a kan sunayen garuruwa. Wannan ma na ɗora a kan Dattijo.

Bayan azahar na samo keke mai ƙafa uku, muka hau ni da Mama, kula a cinyarta ta riƙe da hannu biyu. Muka tsallaka layin dogo. Duk hanyar kallon shaguna take yi, waɗanda ta sani da waɗanda suka maye gurbinsu.

Hajiya tana kwance a kan katifa a ƙasa, ta ƙanƙance har na kusa rasa ta a cikin bargon. 'Yarta ta tashe ta zaune ta jingina ta da filo. Ta daɗe tana duban ƙofa.

"Maman Ticha, ke ce?"

"Ni ce, Hajiya."

"Kin tsufa."

"Ke kuma kin zama budurwa."

Suka riƙe hannun juna. Na juya ina karanta kalandar bango kamar za a yi mini jarrabawa a kanta. Can Hajiya ta nuna ni da haɓa: "Wannan mai furfurar shi ne ya riƙa jiƙa mini zane?" Aka tabbatar mata ni ne. Ta ce ban canza ba, har yanzu fuskata kamar an ƙwace mini abu.

Mama ta buɗe kula. Hajiya ta sa aka wanke mata hannu, ta yi bisimilla, ta kai loma. Ina kallonta. Ba ta tambaya ba. Ta ci ta biyu, ta ci ta uku, ta lumshe ido. Sai yatsunta suka ci karo da wani abu a cikin miyar, ta ɗago shi ta juya shi a gaban idonta.

"An ce mini bunsuru. Bunsurun Kagoma fiffike gare su yanzu?"

Mama ta ba ta labari tun daga farko, ba ta rage komai ba, har da gwiwar wandona, har da kalmar da na faɗa a bakin kwata, wadda ban san ta ji ba. Hajiya ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, 'yarta ta kawo ruwa, ta sha, ta ce a maimaita mata wurin da Dattijo ya ce a ƙara wuƙa. Aka maimaita. Ta sake sarƙewa.

Da ta lafa ta goge ido da gefen mayafi. Ta dubi fiffiken da ke hannunta. Ta ce, "Da kin kawo bunsurun, da na ci. Ba zan sani ba."

Mama ta ce, "Na sani."

 Daga waje ana jin yara suna buga ƙwallo. Sai Hajiya ta tura kular gaba ta ce, "Ƙara mini miya. Kin rage yaji, hannunki ya fara tsoro."

Ba mu baro gidan ba sai da aka kira la'asar. Kular ba ta dawo wayam ba, don ba a mayar da kwano haka. An cika ta da ƙuli-ƙuli, wanda daga Mama har Hajiya babu mai haƙoran cinsa. A keke Mama ta riƙa rera wata waƙa ƙasa-ƙasa da yarenmu, irin wadda ban ji daga bakinta ba tun rasuwar babana. Na rasa sujadar Kirsimeti a karo na farko a rayuwata, amma da ta kai amshi na ji bakina yana bi.

Da labarin ya tsaya a nan da na ce na koyi haƙuri. Bai tsaya ba. Lahadin da ta biyo, aka kawo mini rahoto daga Kagoro cewa Dattijo ya tashi a gaban ikilisiya ya ba da shaida. Ya ce Ubangiji ya tashe shi da asuba, ya sa wuƙa a hannunsa, ta haka Fasto ya sami cinya biyu maimakon zakara ɗaya, wata tsohuwa marar lafiya ta sami nama mai laushi daidai haƙoranta, matan zumunta suka yi bishara a kan titi. Aka yi ta tafi. Ya roƙi jama'a su sa surukinsa Ticha a addu'a, don yana da saurin fushi.

Na kwana biyu ina neman inda zan kama shi da ƙarya a cikin wannan shaidar. Ban samu ba. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Yanzu duk jajibirin Kirsimeti matata takan tattara wuƙaƙen gidan ta ɓoye a ƙarƙashin gado. Ba ya hana komai, Dattijo da tasa yake zuwa. Saboda haka tun da yamma nake jan bunsurun Hajiya in kai shi gidan Malam ya kwana can.